Kasuwa da Gida: Kada ka yi wa kujera 300 kuɗi da ido, wanke goma tukuna

  Makon jiya na yi alkawarin za mu taɓa maganar ajiyar ridi, to ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Dalili kuwa saƙonni uku ne suka shigo mini a jere, ɗaya daga Kasala, ɗaya daga Maraɗi, na ukun kuma daga wata baiwar Allah a nan cikin gari wadda ɗanta ya fara wankin kujeru. Dukkansu tambaya ɗaya ce: idan mai zauren biki ko mai otal ya ce a wanke masa kujerun kushin ɗari biyu ko ɗari uku, nawa za a ce masa?

An sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don kuɗina sun taɓa nutsewa a cikin wannan ruwan. Bari in ba ku labarin, sannan mu zauna mu yi lissafi.

Yadda muka ci ladan kuturu

Akwai ɗan yayana da yake aikin wankin mota a Khartum. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kwashi iyalinsa ya koma Wad Madani. Da faɗa ya iso Madani a Disambar wannan shekarar, sai ga shi a ƙofar gidana da mata da yara biyu, da wani ɗan injin zuƙe ruwa da ya ɗaure a cikin bargo kamar jariri. Shi ne abin da ya tsira da shi. Na ba shi ɗaki, na ba shi ɗan jari, ya fara bin gidaje da garejoji yana wanke kujerun falo da na mota. Hannunsa yana da kyau, nan da nan aka san shi.

Cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, wani mai zauren biki ya aiko a kira shi. Yaro ya je, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya hango kujeru jere cikin fararen riguna. Ya ɗaga rigar guda biyu na sahun gaba, ya ga ƙura ce kawai. Mai zaure ya ce, "Ba su wuce ɗari uku ba, yi mini kuɗin sari." Shi kuwa bai taɓa jin aiki mai yawan wannan ba, sai zuciya ta ɗebe shi. Nan take ya yanke kuɗi a dunƙule, ya ce kwana biyu ya gama. Aka tafa, aka rabu.

Da aka tuɓe wa kujeru riguna sai ido ya raina fata. Da farko dai 340 ne, ban da dogayen kujeru shida na wurin zaman amarya da ango, waɗanda mai zaure ya ce ai suna cikin ciniki. Na baya-bayan nan, inda ake cin abinci, maiƙo ya yi musu sulke. Yaran da ya ɗauka suka zuba omo kamar masu wankin bargo, suka jiƙe soso sharkaf. Mai amalanken ruwa ya yi sawu uku fiye da yadda aka tsara. Rana ta uku hadari ya haɗo, aka tattara kujeru da danshinsu aka jibge su a sito, wata kan wata. Washegari da aka buɗe ƙofa wari ne ya fara yi musu maraba, ga tsatsar ƙafafun ƙarfe ta zana zobe a kan mazaunan na ƙasa. Aikin kwana biyu ya ci kwana biyar. Mai zaure ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, kuma tsakani da Allah ban ga laifinsa duka ba.

Da dare yaron ya same ni a tsakar gida ya ce, "Baffa, na ci ladan kuturu, kuma na yi masa askin. Abin da ya rage ko kuɗin abincin yara bai kai ba." Na ce masa, "Sannu. Wanki ka iya, ciniki ne ba ka iya ba. Kawo takarda." Abin da muka rubuta a daren nan, da abin da ya koya bayansa, shi zan shimfiɗa muku.

Aikin yana nan, amma garin yana da halinsa

Wanda bai san Gadarif ba zai ce wa zai biya kuɗi a wanke masa kujera a lokacin yaƙi? To a cikin 2024 garin ya cika ya batse da mutanen Khartum da Jazira da Sinnar. An buɗe gidajen abinci da wuraren shan kofi, otal-otal ba sa rabuwa da baƙi, ƙungiyoyin agaji da suka shigo tun buɗe sansanin Um Rakuba a ƙarshen 2020 suna da ofisoshi da ɗakunan taro. Ga manyan bas-bas masu zuwa Kasala da Fot Sudan, kowace da kujera arba'in da wani abu. Biki kuwa bai tsaya ba. Kujerar roba kowa zai iya watsa mata ruwa, amma mai soso da yadi sai wanda ya sani, kuma sayen sabuwa yanzu ya fi ƙarfin yawancin masu wuraren nan.

Sai dai abu uku ne suke cin ribar mai wanki a garin nan, kuma duk wanda zai yanka farashi sai ya sa su a gaba.

Na farko ruwa. Ƙishin Gadarif tsohon zance ne. Ana turo ruwa daga Shuwak a bakin kogin Atbara, amma unguwanni da yawa har yau da amalanken jaki suka dogara, wanda ake ce wa karo a nan, kuma kuɗin duro yana hawa da sauka kamar farashin dawa. Ruwan wasu rijiyoyin yana da zartsi, sabulu ba ya kama shi sosai, in ya bushe kuma ya bar farin zane a kan yadi mai duhu. Kai da kake Kano ko Maraɗi, sa mai garuwa ko 'yan ga-ruwa a wannan gurbin.

Na biyu yanayi. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce, baƙar ƙasar nan mai danƙo tana bin takalmi da gefen jallabiya har kan kujera, kuma shanya ba ta da tabbas. Da rani kuwa kujera tana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, amma ƙura na iya sauka a kan jiƙaƙƙen yadi ta mai da aikin baya.

Na uku lebura. Gadarif garin noma ne, tun shekarun 1940 da aka fara noman inji a Gadambaliya. Ridi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke shi ba sai ya fashe ya zube. Saboda haka da Oktoba ta kama, samari suna tafiya gonaki, har daga Habasha ake shigowa ta Gallabat, kuma ladan yini sai ya tashi. Abin haushin, bayan kaka ne kuɗi ke shiga hannu, bukukuwa su yawaita, masu zaure su fara neman mai wanki. Wanda ya yi alkawari da farashin Agusta zai biya yara da farashin Oktoba.

Ƙirga, ware, gwada

Idan aka kira ka, kada bakinka ya furta adadi a ranar farko. Ka ce, "Alhaji, bari in ga aikin, gobe in kawo maka magana." Mai kuɗin da ya san ciniki ba zai ji haushin wannan ba.

Ka ƙirga kujerun da kanka, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke sito. Ka sa a cire riguna. Doguwar kujera mai cin mutum uku ka ƙirga ta a matsayin mazauni uku, mai hannu da matasai ka ware ta daban. Ka duba mene ne a jikinsu. Ledar kujera gogewa kawai take so. Yadin roba-roba, wanda shi ya fi yawa a zaurukan biki, yana jure wanki. Karan-miski da auduga su ne masu shagwaɓa, suna iya zuba, su yi tabon ruwa, ko gashinsu ya kwanta. Wasu kujerun waje suna da 'yar takarda a ƙasa mai harafi: W na nufin a wanke da ruwa, S na nufin ruwa bai dace da ita ba sai maganin wankin bushe, X kuwa buroshi da injin zuƙe ƙura kaɗai. Na kafintocinmu ba su da wannan, saboda haka ka jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulunka, ka danna a wani lungu da ido ba ya kaiwa, ka ƙirga zuwa talatin. In launi ya biyo ƙyallen, ka gaya wa mai kaya tun yanzu.

Daga nan ka raba su gida uku. Masu ƙura kawai gefe guda. Masu maiƙo da tabon shayi gefe guda. Masu taurin kai, irin su lalle da cingam da tsohon tabo, gefe guda. Waɗanda suka yage, ko sosonsu ya mutu, ko ƙusa ta fito, ka fitar da su daga lissafi, ka ɗauke su hoto da waya a gaban mai wurin. Wannan aikin kafinta ne.

Sai gwaji. Ka zaɓi goma da hannunka, huɗu daga rukunin farko, huɗu daga na biyu, biyu daga na uku. Kada ka bar mai zaure ya zaɓa maka. Ka wanke su kana duban agogo, ka auna ruwan da suka sha da jarka, ka ga sa'a nawa suka yi kafin su bushe. Gwajin nan riba biyu gare shi. Kai ka san nauyin kayan da za ka ɗauka, shi kuma ya ga aikinka kusa da ragowar kujerunsa masu dauɗa. Gani ya kori ji. Sau da yawa wannan goman ce take kammala cinikin.

Kowane tabo da maganinsa

Kafin ruwa ya taɓa kujera, a kaɗe ta, a bi ta da buroshi, a zuƙe ƙurar. Ƙura da ruwa laka ce, kuma kai ka kwaɓa ta da hannunka. Laka kuwa a bar ta ta bushe, a kankare, sannan a wanke gurbin.

Maiƙo shi ne babban abokin gaba a bikin Sudan. Akwai na nama da man ridi a mazauni, akwai na humra da sandaliyya da man kitso na karkar a wurin jingina kai. Ruwa zalla ba ya ɗaga shi. In sabo ne a barbaɗa garin sitaci ya tsotse, a kaɗe, sannan a bi da sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan a ruwa mai ɗumi.

Shayi da kofin jabana da zoɓo, wanda ake ce wa karkade a nan, danginsu ɗaya. Ruwan khal fari da aka sirka da ruwa shi ya fi dacewa da su. Kada a kusance su da kanwa ko sabulun sanda. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a zoɓo ta san yadda yake rikiɗa ya yi duhu, to haka zai yi a kan kujerar mutane.

Madara da jini da aman yara, ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa su yake yi a cikin zaren, su zauna daram. Cingam a ɗora masa ƙanƙara ya sandare, a ɓamɓare da bayan cokali.

Lalle kuwa, musamman baƙin nan da ake haɗawa da rini, kada ka yi alkawari a kansa. Rini ne, an yi shi ne don ya kama. Wani ya dusashe, wani ya ƙi. Ka ce za ka gwada, ka rubuta cewa ba ka ɗauki nauyinsa ba.

A kowane tabo dannawa ake yi da ƙyalle, daga gefe zuwa tsakiya. Dirza yana faɗaɗa shi, yana kuma tayar da gashin yadi. Sabulu kaɗan ya isa. Kumfar da ba a ɗauraye ba tana bushewa da danƙo, bayan mako biyu kujera ta fi dā kama datti, mai zaure ya ce ka cuce shi.

Ga gargaɗi, kuma don Allah iyaye mata ku karanta wa yaranku wannan. Ruwan bilicin nan, wanda ake kira kalor a Sudan, haifo a Najeriya, jabel a Nijar, ba na kujera mai launi ba ne. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da khal ko da wani maganin wanki, yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji, a rufaffen zaure tana iya kayar da mutum. Fetur da tina ma a bar su. Suna narkar da gam ɗin da ya riƙe soso, kuma tartsatsi ɗaya daga janareto ko guntun sigari ya isa. A buɗe tagogi, a sa safar hannu.

In ka ga ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ɗinki, musamman a otal da bas, kuɗin cizo ne. Wanki ba ya kashe ƙwansu. Ka nuna wa mai wurin, ka ce wannan aikin mai feshi ne, kuma ka wanke kayan aikinka da tufafinka kafin ka shiga gida, kada ka kai wa iyali tsaraba.

Bushewa rabin aiki ce

Yadi kake wankewa, soson da ke ƙasa ba ya bukatar wanka. Duk ruwan da ya shige shi sai ya fito, kuma in zai fito yana tahowa da tsohon dattin ciki, shi ya sa za ka ga tabon da ya ɓace jiya ya dawo yau. In danshi ya kwana biyu a ciki, fumfuna ta samu gida. Mai inji ya yi zuƙa biyu ko uku a kan kowace fesawa ɗaya. Marar inji ya yi aiki da kumfa da ɗan danshi, ya danne da busasshen tawul.

A jera kujeru da tazara, a sa fanka, a bar iska ta ratsa. Inuwa mai iska ta fi tsakar rana, don ranar Gadarif tana cin launi, ja da shuɗi su koɗe. Kada a ɗora wata kan wata sai ka danna tafin hannu da ƙarfi ka ji ba sanyi. Kafin ka karɓi aiki ka tambayi ranar biki na gaba, ka bar kwana ɗaya cur na bushewa da rani, biyu da damina. Kuma ka auna filin shanya. In wurin kujera ɗari kawai yake ɗauka, to aikinka zubi uku ne ko da yaranka ashirin ne. Kujerar bas da ba ta cirewa ta fi kowace son a rage mata ruwa, don direba zai rufe gilashi ya tafi da fasinja.

Yanzu sai lissafi

Alƙaluman nan misali ne don a gane hanya, kowa ya sa na garinsu da na ranarsa.

A ce kujera 300 ce. Ka ware ka samu 200 masu ƙura, 80 masu maiƙo, 20 masu taurin kai. Gwaji ya nuna maka ta farko minti 6, ta biyu minti 15, ta uku minti 30. Na farko sun ci minti 1,200, na biyu 1,200, na uku 600. Jimla minti 3,000, wato sa'a 50. Ƙara sa'a 10 na ɗauka da jerawa da juyawa da mayarwa. Sa'a 60 ke nan. Mutum ba ya wuce sa'a 6 na aikin gaske a yini, in ka cire salla da faɗur da zafin azahar. Saboda haka aikin yinin mutum goma ne, wato yara biyar kwana biyu.

Ku duba nan. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ga sahun gaba zai ce 300 sau minti 6, sa'a 30. Rabin aikin ya bayar sadaka bai sani ba. Ramin da ɗan yayana ya faɗa ke nan.

Tunda kuɗin Sudan ba ya zama wuri ɗaya, ni da ladan yinin lebura nake auna komai. Lebura yini 10. Ruwa, in kowace kujera ta sha lita 3, lita 900 ke nan, ka ce duro biyar, a ce ya kai ladan yini 2. Sabulu da khal da tawul, 2. Man janareto, 2. Kai kaya da dawo da su, 1. Abinci da shayin yara, 1. Rabon inji, don wata rana zai nemi gyara, 1. Ajiyar tsautsayi, ko kujera ta ɓaci ko a sake wanki, 1. Sun zama 20. Wannan uwar kuɗi ce, ba ka ci ko sisi ba. Ɗora ribarka, a ce kashi ɗaya cikin huɗu, wato 5. Aikin ya tsaya a kan ladan yini 25. In kai ma za ka tuɓe riga ka yi wanki, ka sa kanka cikin yara biyar ɗin ka karɓi ladanka. Gumi daban, riba daban.

In ladan yini fam 12,000 ne a misali, aikin ya kama 300,000. Raba shi a kan minti 3,000 na wanki, kowane minti ya tashi 100. Ka ga mai ƙura 600, mai maiƙo 1,500, mai taurin kai 3,000. Haka za ka kai wa mai zaure, rukuni-rukuni. In ya ce ya yi yawa, akwai abin tattaunawa: a bar ashirin ɗin nan a sa musu riga, ko shi ya kawo ruwa da wuta a cire kuɗinsu. Kuma in an buɗe sito an ga wasu arba'in da aka manta, farashinsu yana rubuce, babu rigima.

"Yi mini kuɗin sari"

Mu 'yan kasuwa mun saba, mai ɗaukar buhu ɗari ba a ba shi farashin mai buhu ɗaya. Amma ku lura, buhun dawa yana zaune ne a rumbu, fitar da ɗari bai fi fitar da goma wahala sosai ba. Kujera ta 300 kuwa minti ɗaya take ci da ta farko, ruwa ɗaya take sha, kuma lokacin hannu ya gaji. Abin da yawa yake rage maka kaɗan ne: kuɗin mota sau ɗaya, shimfiɗa kaya sau ɗaya, sayen sabulu a katan. Daga nan kaɗai rangwame zai fito. In an nemi ka wuce nan, ka ce albarka da fara'a. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Rangwamen gaskiya yana wajen maimaici. Ka ce masa, "Alhaji, in na riƙa zuwa duk bayan wata biyu, kujerunka ba za su ƙara kaiwa rukuni na biyu da na uku ba, kusan duka za su koma na 600." Shi ya samu sauƙi da kujeru masu tsawon rai, kai ka samu aikin da ka san da zuwansa. Da haka ɗan yayana yake riƙe da wurare huɗu yanzu, ciki har da wancan zauren da ya riƙe masa kuɗi. Komawa ya yi ya wanke tsatsar kyauta, mutumin ya ga amana.

A rubuta, ko a waya ne

Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, a cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwa. A irin wannan hali farashin da ka faɗa yau kada ya wuce mako guda, ka faɗi haka a fili. Ka karɓi kafin alƙalami, arbun kamar yadda ake cewa a nan, wanda zai ishi ruwa da sabulu da mai, aƙalla rabi, ka saye su a ranar. Ragowar a biya ranar da aka ƙirga kujeru aka karɓa. In ta Bankak aka turo, ka buɗe asusunka ka ga shigarsu da idonka, kada ka tsaya a hoton da aka nuna maka, kuma ka tuna yaranka wataƙila tsaba suke so.

Takardar ba sai ta lauya ba. Adadin kowane rukuni da kuɗinsa, wa zai kawo ruwa da wuta, ranar farawa da ranar miƙawa, tabon da ba a yi alkawarinsa ba, kujerun da aka samu a lalace. Ka tura masa ta WhatsApp ya amsa da "na yarda", ko a yi a gaban shaidu biyu. Ofisoshin ƙungiyoyi sukan nemi takardar farashi da rasit, kuma biyansu yakan ɗauki makonni, to ka sa jinkirin a lissafi tun farko.

Rabon gida

Rigunan kujerun nan da labule da mayafan tebur ciniki ne mai zaman kansa, kada a bayar da shi gyara. A gidanmu matar yaron da maƙwabtanta biyu suke wanke su su goge, ana biyansu da ɗai-ɗai, kuɗinsu a hannunsu. Littafin lissafin ma ita take riƙe da shi, kuma tun da ya koma hannunta ba a ƙara cin uwar kuɗi da sunan riba ba. Abu ɗaya nake roƙo: magungunan wanki a ɗaga su sama a kulle, kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha. Yaro ba ya karanta takarda.

Ga baiwar Allah da ta rubuto saboda ɗanta, Hajiya, ki ce masa ya fara da gidan abinci mai kujera talatin ko arba'in, ya riƙe agogo da jarka da littafi. In ya yi irin wannan sau biyar, shi da kansa zai san kuɗin ɗari uku ba tare da ya tambayi kowa ba. Na Kasala da na Maraɗi, ku gwada lissafin nan da farashin garinku ku aiko mini da abin da ya fito, zan kawo shi a fili don wasu su amfana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ridi: a sayar da kaka ko a ajiye, kuma wa ke cin ribar jira. Allah ya sa albarka a nema, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai mun haɗu.